Tana Hannun Mama

A Tarrawin, wani garin bakin teku can kudancin duniya inda shanu suka fi mutane yawa, a watan Satumba ake rufe kakar ƙwallo, lokacin da sanyi ke naɗe tabarmarsa, hankaki kuma suke haukacewa. Hankakan garin suna da daɗin murya, amma da zarar sun yi ƙwai sai su riƙa sauko wa mutum ta baya suna saran ƙeya. Shi ya sa za ka ga dattijo da hankalinsa yana tafe da robar askirim kife a ka, an zana mata idanu biyu ta baya, wai don tsuntsu ya zaci ana kallonsa. Ba mai yi masa dariya.

A watan ne kuma ake Litinin ta Hauka. Litinin ta farko bayan wasan ƙarshe 'yan ƙwallo ba sa zuwa aiki. Shigar ban dariya suke yi, su cika mashaya tun da hantsi, su yi ta sha har ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita. Maza na yin tasu, mata na yin tasu. Ƙungiyar matan garin, 'yan Kwasakwasa, ɗakin baya na mashayar bakin gada suke kamawa.

Bana Tegan Mallia jatan lande ta zama. Rigar soso ce ja, da dogayen gashin baki na waya da 'yan ƙafafu suna reto a ƙirji, zif ɗinta kuma a baya yake, daga ƙeya har ƙugu, inda hannun mai rigar ba ya kaiwa. Shona Petrakis ce ta ja mata shi da safe a kicin. Sun daɗe tare, gida ɗaya, gado ɗaya. Rabin ƙungiyar haka suke, mace da mace, garin kuwa ya gaji da surutu a kan wannan tun tuni.

"Shanye cikin nan, Ƙafa-Biyu," in ji Shona, tana fama da zif.

"Ba ciki ba ne, soso ne."

"Soson da ya cinye min rabin burodi da safe."

Ƙafa-Biyu sunan fili ne. Tegan tana buga ƙwallo da dama, tana bugawa da hagu, abin da ba kowa ke iyawa ba. Amma duk wadda ta kira ta da sunan, da ɗan murmushi take kira, domin kafin Shona, Tegan ta yi samari, ta kuma yi 'yan mata. Ita ma takan yi dariya. Ta saba.

Akwai doka a Litinin ta Hauka, mai dokar kuwa Lorraine Duffy ce, wadda ba mai kiranta da sunanta sai ma'aikacin gidan waya. Mama ake ce mata. Ita ta kafa ƙungiyar tun zamanin da maza ke hana su fili. Ita ke wanke riguna, ta ninke su yadda ba wadda ta iya kwaikwaya, hannuwa a ciki, wuya a sama. Ita ke ɗaure idon sawun da ya gurɗe. Waɗanda iyayensu suka kora daga gida, da yawa a ɗakinta na baya suka fara kwana. Giya kuwa ta bar ta da daɗewa, sai ruwan lemo.

Dokar tana da asali. Shekarun baya wani mutum ya ɗauki ɗaya daga cikinsu a mota, ta bugu, ya ce zai kai ta gida, a hanya ya ce zai gyara ta ta daina bin mata. Tun daga ranar, kowace ta shigo sai ta jefa mukullin motarta cikin wani tsohon takalmin ƙwallo da ke hannun Mama, kuma namiji ba ya kai wadda ta bugu gida. Ko ɗan'uwanta ne, ko direban tasi, ko fasto. Mama ce ke kaiwa, a 'yar bas ɗin ƙungiya. In aka tambayi ina wance, aka ce "tana hannun Mama," magana ta ƙare, sai a ci gaba da sha.

Ranar, Tegan ta faɗa zagayen sayen giya da masu tsaron baya. In mace ta shiga zagaye, kowace sai ta saya wa kowa, ba a fita sai layi ya zo kanta ta sauke. In ta sauke, sai wata ta ce ai yanzu aka fara. Akwai wadda ta zo a matsayin firij, akwai biyu da suka zo a matsayin saniya ɗaya suna ta faɗa a kan wadda za ta zama gindi. Wajen azahar Wade Kosta, tsohon saurayin Tegan, ya leƙo daga ɓangaren maza sanye da rigar amarya, ya ja mata gashin bakin waya.

"Ke, har yanzu ba a soya ki ba?"

"Wuce, amaryar da ba ango."

Shona ta gani.

Shanu ba su san Litinin ta Hauka ba. Shona a gonar madara take aiki, tatsar yamma kuma ba ta jira, don haka kwalba ɗaya ta sha. Da lokaci ya yi ta tarar da Tegan zaune a ƙasa a banɗaki, tana yi wa injin busar da hannu bayani. Ta ɗaga ta, ta kai ta har cikin bas, ta gyara mata wutsiya don ƙofa ta rufu.

"Mama, ga jatan landenki. A sa ta a ƙanƙara."

"Je ki wajen shanunki, 'yata," in ji Mama. "Ta zo hannu."

Abin da Tegan ta riƙe daga nan guntu-guntu ne, kamar farantin da ya faɗi. Ta tuna rufin bas. Ta tuna an sauke firij, an sauke rabin saniya, ta kuma yi mamaki can cikin kanta, don gidansu ne mafi kusa amma ita aka bari ƙarshe. Ta tuna ƙarar zif yana sauka, da sanyin da ya taɓa bayanta. Rana tana kan labule. Maƙwabci yana yanke ciyawa da inji, yana zuwa yana komawa. Ta tuna muryar Mama, muryar nan da take ɗaure ƙafa da ita, tana cewa, "Kwanta abinki. Ke ai ba kya ƙin kowa." Tegan ta ce a'a. Ko dai ta faɗa, ko ta yi niyyar faɗa, harshen ya yi nauyi kamar na wani. Ta ture hannun Mama, ya koma inda yake. Daga nan sai ta bi ƙarar injin ciyawa, ta tafi tare da shi har ƙarshen shinge, ta dawo, ta sake tafiya, ta bar jikin a kan gado.

Da ta farka magariba ta kusa. An rufe ta da bargo har wuya. An ajiye bokiti a gefen gado da kofin ruwa. A kan kujera ga jatan lande a ninke, 'yan ƙafafun a ciki, wuya a sama.

Ta daɗe tana kallon ninkin. Ta nemi kuka kamar yadda ake laluben makunnin fitila a ɗakin da ba a sani ba, ba ta same shi ba.

Shona ta shigo da warin shanu, ta ga kujera ta yi dariya. "Dubi matar nan don Allah. Har soso sai ta ninke. Kai yana ciwo?"

"Eh."

"Maganinki ke nan."

Washegari Tegan ta koma aiki. A masana'antar cuku take, a ɗakin sanyi inda ake jera cuku manya kamar tayar mota, aikinta ta juya su ɗaya bayan ɗaya don kada gefe guda ya kwanta. Aikin ya yi mata daidai. Cuku ba ya tambaya. In an tashi ta tashi, in an ce ta ci abinci ta ci, abincin duk ɗanɗanonsa ɗaya, na kwali. Wanka kawai ta ƙara. Takan tsaya ƙarƙashin ruwa har mai zafin ya ƙare, mai sanyin ya zo, ba ta lura ba sai ta ga yatsunta sun yi shuɗi. Wata safiya hankaka ya sare ta a ƙeya a hanyar shiga aiki, sai da abokiyar aiki ta ce mata jini na bin wuyanta sannan ta sani.

In Shona ta kai hannu, sai jikin Tegan ya sandare. Shona ba mai yawan magana ba ce, amma mai kiwo ce, ta san dabbar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta. Ran Asabar da safe suna shanya a bayan gida, Tegan ta ɗaga hannu za ta maƙala zanin gado, hannun riga ya zame, Shona ta ga shatin yatsu a damtsenta, ya koma ruwan ɗorawa.

"Wannan ba na fili ba ne," in ji Shona. "An gama wasa."

Tegan ta maƙala zanin. Ta ɗauki wani.

"Tig. Da ke nake."

"Wani abu ya faru ran Litinin," in ji Tegan. Muryar ta fito sumul, kamar mai karanta hasashen yanayi. "Bayan an kawo ni. Ban so ba. Na ce a'a."

Shona ta ajiye kwandon a hankali.

"Wane ne shi?"

Tegan ta buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshe, gajere, sunan da jariri ma ke iya faɗa. Amma tambayar ba ta bar masa wuri ba. Daidai namiji aka yanka ta, kamar rigar da aka ɗinka wa wani.

"Wade ne? Na gan shi yana ja miki gashin baki. Ke kika kira shi? Ke kika..." Shona ta tsaya, ta rufe bakinta da hannu. "A'a. Yi haƙuri. Ban faɗi wannan ba. Tig, ban faɗa ba."

Amma ta faɗa, Tegan kuma ta ji. Ta auna abin a sanyaye. In Shona da ke kwana da ita tana iya tunanin haka a kan Wade, me za ta ce in an ambaci matar da ta ba Shona ɗaki ranar da ubanta ya watso mata kaya waje? Za a ce Ƙafa-Biyu ta bugu, ta yi abin da ta saba, ta farka tana neman wadda za ta ɗora wa.

"Ban ga fuska ba," in ji ta.

Shona ta gina sauran labarin da kanta: Mama ta kwantar da Tegan ta fita, ƙofar baya ba ta kulluwa sai an ɗaga ta, wani ya biyo bas. Ta ce su je asibiti, su je wurin 'yan sanda, Tegan ta ce ba yanzu ba. Shona ta binciki Wade, ta tarar har aka rufe mashaya yana kan tebur da rigar amarya, rabin gari sun shaida. Ta sayo kwaɗo ta sa wa ƙofar baya. Sannan ta yi abin da kowace 'yar Kwasakwasa ke yi in duniya ta yi mata zafi, ta je ta gaya wa Mama.

Mama ta zo da yamma da tukunyar miyar kabewa a naɗe da tawul. Ta zauna a kicin, a kujerar da ta saba zama, ta kamo hannun Tegan ta riƙe cikin nata biyu. Tafinta busasshe ne, mai ɗumi, yana ƙanshin man zafi.

"Laifina ne, 'yata," in ji ta. Idonta ya kawo ruwa. "Da na duba ƙofar nan. Da na zauna."

"Haba Mama," in ji Shona, "wa ya kai ki kula?"

"A'a, bar ni. Daga yau an canja. Duk wadda na kai gida, zan zauna da ita har ta farka. Ba zan ƙara barin ko ɗaya ita kaɗai ba." Ta matsa hannun Tegan. "Kin ce ba ki ga fuska ba ko?"

"Eh."

"Giya ke nan. Takan haɗa wa mutum abin da ya faru da abin da bai faru ba. Kar ki matsa wa kanki da tunani."

Tegan ta kalli hannunta a cikin hannuwan. Ta ga kamar safar hannu ce wani ya manta a kan tebur. Da Mama ta tafi Shona ta zuba miya, Tegan ta shanye kwano guda, don an ajiye a gabanta.

Bikin raba kyaututtuka ranar Lahadi ake yi, da rana, a ɗakin ƙungiya da ke bakin fili. Tegan ta ce ba za ta ba. Shona ta ce zaman gida ba zai yi mata magani ba, kuma bana ba namiji ko ɗaya, Mama ta hana, har mai gasa nama mace aka samo. Sai ta je. Ta sami wuri a baranda da farantin takarda a cinya, nama da albasa cikin burodi. Tun wannan Litinin ba ta sa giya a baki ba. Can bayan fili, a kan turakun fitila, tsuntsayen kwasakwasa na gaske suna zaune, kowanne da turkensa, sun zuba wa teku ido kamar tsofaffin da suka zo jana'iza da wuri.

Kyautar sabuwar 'yar wasa Jorja Wirihana ce ta ci. Bana ta zo garin, shekarunta ashirin da biyu, tana aiki a asibitin dabbobi, ba ta da kowa a nan sai ƙungiya. Doguwa ce mai dariya da dukan jiki. Kofin da aka ba ta na ƙarfe ne, al'ada kuwa sai an cika shi an shanye a tsaye, ana buga tebur. Ta shanye. Aka sake cikawa, wai na farkon ya zube. Daga nan kowace ta ce sai ta saya mata nata.

Tegan tana kallo ta taga. Ta ga lokacin da dariyar Jorja ta fara zuwa a makare, bayan an gama ba'ar. Ta ga lokacin da ta cire takalmi. Ta ga ta rungume kofin ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ta san abin da ke biye, kamar yadda ake sanin waƙar da aka saba ji. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji fushi ba. Ta dai lura albasar da ke farantinta ta huce, man ya daskare fari.

Mama ta karkaɗa mukullin bas. "To, gwarzuwarmu ta gama. Wa zai kama min?"

Shona ce ta kama. Ita da Mama suka fito da Jorja, ɗaya a kowane gefe, ƙafafunta na jan ƙasa, kofin yana reto a yatsanta. Wata daga ciki ta ce, "Ina Jorja?" Aka amsa mata, "Tana hannun Mama!" Aka ci gaba da kiɗa.

Tegan ba ta yanke shawarar komai ba. Ta dai ga ta ajiye farantin, ta ga ƙafafunta suna sauka matakala, suna taka tsakuwa. Ta riga su isa bas. Ƙofar gefe a buɗe take, sai ta zauna a bakin ƙofar, ta tare ta.

"Matsa, Ƙafa-Biyu," in ji Shona tana nishi. "Yarinyar nan nauyin maraƙi gare ta."

"Mu za mu kai ta."

"Ina da tatsa."

"Sai ta kwanta a gidanmu. Ko a mota. Mu za mu kai ta."

Mama ta yi murmushi. "Tegan, 'yata, doka doka ce. Tashi in kai ta ta huta. Zan zauna da ita."

"Na sani," in ji Tegan.

Wasu mata biyu da ke shan taba a baranda suka juyo. Ɗaya ta ce, "Ƙafa-Biyu ta ga sabuwa ta ƙyasa! Shona, ki yi hattara!" Suka kwashe da dariya.

Tegan ba ta kalle su ba, ba ta kalli Mama ba. Ta kalli wani maɓallin rigar Shona da ya kusa tsinkewa.

"Ke kika ce 'wane ne shi'," in ji ta. "Ni ban taɓa cewa namiji ne ba."

"Me?"

"Ba wanda ya shigo bayan Mama ta fita, Shona. Ba ta fita ba."

Jorja ta yi gyatsa, ta ce wani abu a kan kofinta. A cikin ɗaki an sa waƙar da kowa ya sani, ana bi da ihu.

Mama ba ta saki hannun Jorja ba. Muryarta ba ta canja ba ko kaɗan. "Allah sarki. Shona, na gaya miki abin zai taɓa mata kai. Gobe ma za ta iya cewa ke ce." Ta rage murya, kamar Tegan ba ta wurin. "Kin dai san ta. Kin san irinsu in sun sha. Ni na rufa mata asiri ranar, ban gaya miki yadda ta riƙa yi a bas ba."

Tegan ta jira. Ba ta da sauran magana, guda ɗaya ce da ita ta kuma kashe ta. Ta ga fuskar Shona tana aiki a hankali, kamar mai ɗaga ƙofar da ta kumbura. Shona ta kalli Mama, matar da ta koya mata tuƙi, ta raka ta jana'izar uwarta. Ta kalli Tegan. Sannan ta kalli hannun Mama a damtsen Jorja, inda yatsun suka nutse cikin nama. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Saki, Lorraine," in ji ta.

Masu shan taba suka daina dariya. Ba su ji sauran maganar ba, amma sun ji sunan.

"Shona..."

"Na ce ki saki."

Mama ta saki. Ta gyara rigarta, ta ce, "Za ku ji kunyar wannan gobe," ta koma ciki da mukullinta. Tafiyarta daidai, har ta tsaya ta ɗauke wani kofi da aka yar a matakala.

Su biyu suka ja Jorja zuwa akori-kurar Shona, suka sa ta a tsakiya. Hanyar gona ta miƙe tsakanin shingaye, ciyawa kore shar a kowane gefe. Kan Jorja yana faɗowa kafaɗar Tegan, Tegan tana mayar da shi, yana dawowa, daga baya ta bar shi.

Bayan gadar rafi Jorja ta ce, "Zan yi amai," da ladabi, kamar mai neman izini. Shona ta tsaya a gefen hanya. Suka fito da ita ta durƙusa a bakin ciyawa, Tegan ta tattare mata gashi ta riƙe a baya. Shona ta ba su baya, hannuwanta a kan ƙarfen mota.

"Ni na sa ki a bas ɗin," in ji ta. "Har wutsiya na gyara miki."

"Eh."

"Na kawo Lorraine kicin ɗinmu. Kika sha miyarta."

"Eh."

"Don me ba ki..." Ta haɗiye sauran. "A'a. Na san don me."

"Kin yarda?" in ji Tegan.

"Na yarda."

Kalmar ta shiga, ta sami wuri ta zauna. Tegan ta saurara ta ji ko wani abu zai motsa a cikinta. Bai motsa ba. Amma kalmar tana nan, ba ta fita ba.

"Asibiti, 'yan sanda, duk yadda kika ce," in ji Shona. "In kin ce yau, yau. In kin ce ba yanzu ba, ba yanzu ba. Amma bas ɗin nan ba za ta ƙara ɗaukar kowa ba, ko da zan kwana a ƙarƙashinta."

"Za su ce na bugu."

"Kin bugu. Sai me?"

Jorja ta ɗago, ta goge baki, ta dube su da jajayen idanu. "Ku yi haƙuri, 'yan'uwa. Na ɓata muku biki. Ina Mama?"

"Tana can," in ji Tegan. "Sunkuya, da saura."

Shona ta tsaya tana kallon shanun wani da suka taru a bakin shinge suna kallonsu. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin tuna Bree Halloran? Mai tsaron baya, mai jan gashi. Shekara ɗaya ta buga mana ta daina zuwa. Muka ce girman kai ne."

"Na tuna."

"Da Talia, wadda ta koma birni ba sallama. Ta bar takalmanta a ɗakin canja kaya, sababbi fil." Shona ta goge fuska da bayan hannu. "Ita ma ni na kama ta na sa a bas."

Tegan ta gyara riƙon gashin Jorja. "Kina da lambar Bree?"

"Ina jin tana nan."

"To," in ji Tegan. "Bari wannan ta gama tukuna."